Ƙashi Da Ƙarfe Da Ƙaddara: Alhakin Wa Ne Idan Aiki Ya Ɓaci?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya gina jikin ɗan Adam a kan ƙashi, Ya sadar da ƙashi da ɗan'uwansa ta hanyar gaɓa, kuma Ya sanya wa karyayyen ƙashi halin komawa ya haɗe da kansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Talikai, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mutanen ƙasar Gwandu ba baƙin karaya ba ne, kuma ba baƙin maganinta ba ne. Tun zamanin da ake faɗowa daga kan doki ko daga kan itace, har zuwa wannan zamani na babur da mota, ba a cika rasa mai karaya a unguwa ba, kuma ba a rasa maɗorin da za a kai shi wurinsa. Garin Aliero ma sunan da ya yi wajen ɗori ya ƙetare iyakar Nijeriya. To, amma yanzu an sami hanya ta biyu. Wanda ya karye a Gwandu ko a Kalgo, ko a ƙauyukan da ke kewaye da su, akan kai shi babban asibitin jiha da ke Kalgo ko asibitocin Birnin Kebbi, in abin ya yi tsanani a wuce da shi Sakkwato, ko kuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Masu hali kuwa har Masar da Indiya suke zuwa.

A asibiti likitan ƙashi yakan ga cewa ɗauri daga waje ba zai wadatar ba, sai ya tsaga ya sa ƙarfe. Wani lokaci falle ne na ƙarfe da ake shimfiɗawa a jikin ƙashin a kafe shi da ƙusoshi. Wani lokaci doguwar sanda ce da ake zurawa cikin ramin ɓargo, irin wadda wani likitan Jamus, Gerhard Küntscher, ya fara sa wa mutum a 1939. In kuwa gaɓar ce da kanta ta lalace, kamar ta kwatangwalo ko ta gwiwa, saboda tsufa, ko karayar wuyan ƙashin cinya, ko ciwon sikila wanda yakan kashe kan ƙashin cinya tun mutum yana saurayi, to, sai a cire ta a sa ta ƙira, bisa tafarkin da John Charnley ya daidaita a Ingila a 1962. Da yawa waɗanda aka ɗauko a kwance suka koma gida da ƙafafunsu ta wannan hanya, wannan kuwa ni'ima ce da ta wajaba a gode wa Allah a kanta.

Amma fa ba kullum ake kwana a gado ba. Akwai wanda aka sa wa gaɓar ƙarfe, bayan shekara biyu ko goma ya zame a bakin rijiya, ƙashin cinya ya tsage daidai inda ƙarfen ya ƙare. Akwai wanda ƙarfen ne ya karye a cikinsa. Akwai kuma wanda wurin aikin ya riƙa zubar da mugunya ya ƙi warkewa. A nan ne mutanen zaure sukan rabu gida biyu. Wasu su ce ƙaddara ce, a yi shiru, yin tambaya ma rashin tawakkali ne. Wasu su ce likita ya cuce shi, ya ci kuɗinsa ya bar shi da nakasa, da ma wurin maɗori aka kai shi. Kowane ɓangare ya yanke hukunci tun bai san abin da ya faru a cikin cinyar ba. Tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce: idan aikin ƙarfe ya ɓaci, yaushe ne abin yake jarrabawa tsantsa wadda ba a neman kowa da ita, yaushe ne kuma yake alhaki a wuyan wani?

Hancin Arfaja

Mas'alar sa wa jiki abin ƙira ta girmi asibitocin zamani. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito labarin wani sahabi, Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare masa hanci a yaƙin Kulabu tun zamanin jahiliyya. Ya sa aka ƙera masa hanci na azurfa, sai ya yi masa wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi da ya yi na zinariya.

Malamai sun ciro halaccin ɗaure haƙori da zinariya daga wannan hadisi, amma mai lura zai ga abin da ya fi haka. Da farko dai, cike gurbin gaɓar da ta lalace da abin ƙira halal ne, ba a kira shi ja da hukuncin Allah ba. Sa'an nan aikin farko ya ɓaci, kuma ba a ce wa Arfaja ya zauna da warinsa tunda haka aka rubuta masa ba. An dubi sababi, aka ga daga ƙarfen ne, aka sake masa da wanda ya fi dacewa da jiki, ko da yake ado da zinariya haramun ne ga maza. Watau neman dalilin ɓacin aiki, da komawa a gyara shi a karo na biyu, duka suna da asali tun zamanin Annabi.

Abin da ke faruwa a cikin cinya

Kowane ɗalibin fiƙihu ya san ba a yi wa abu hukunci sai an san yadda yake. Don haka ya kamata mai karatu ya san hanyoyin da aikin ƙarfe yake ɓaci.

Ta farko, karayar ƙashi a gefen ƙarfe. Ƙashi abu ne mai rai, yana ƙara ƙwari a inda nauyi yake sauka a kansa, yana kuma raguwa a inda aka ɗauke masa nauyi, kamar yadda wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana tun 1892. Da yake ƙarfe ya fi ƙashi tauri, shi yakan ɗauke mafi yawan nauyin, ƙashin da ke kewaye da shi ya riƙa sirancewa a hankali. A daidai ƙarshen ƙarfen kuma, inda mai tauri ya tsaya mai ɗan sauƙi ya ci gaba, nan ƙarfin kowace girgiza yake taruwa. Manomi ya san wannan tun daga gonarsa: ƙotar fartanya ba ta cika tsagewa a tsakiya ba, sai a inda ruwan ya shige ta. In aka haɗa da tsufa, musamman ga mata da suka manyanta waɗanda ƙashinsu yakan yi rauni, to, ƙaramar faɗuwa ta isa. Gyaran ya danganta da abin da hoto ya nuna. In ƙarfen yana nan daram, a ɗaure ƙashin da falle da waya. In ya saki, sai an cire shi an sa wanda ya fi shi tsawo, ya zarce wurin karayar.

Ta biyu, karyewar ƙarfen kansa. Ƙarfen da aka sa wa karaya riƙon ƙwarya yake yi kafin ƙashi ya haɗe ya karɓi aikinsa. Kowace takawa tana ɗan lanƙwasa shi, wayar da ake ta lanƙwasawa ana miƙewa kuwa ƙarshenta tsinkewa. In ƙashin ya riga shi haɗewa an tsira. In ya yi jinkiri, ko aka ɗora masa nauyi tun lokaci bai yi ba, sai ƙarfen ya gaji ya karye.

Ta uku, shigar ƙwayoyin cuta. Ƙarfe ba shi da jini da zai kai masa kariya, saboda haka in ƙwayoyin cuta suka same shi sai su manne su lulluɓe kansu da wani yauƙi, kamar yadda gansakuka take kama randa, magani ya kasa ratsa su. Sau da yawa sai an cire gaɓar, an wanke wurin, an sa wani siminti mai ɗauke da magani na wasu makonni, kana a sa sabuwa. Ko a asibitocin da suka ƙware, hakan yakan sami mutum 1 zuwa 2 cikin 100 na waɗanda aka sauya wa gaɓar kwatangwalo ko gwiwa.

Ta huɗu, sakin ƙarfe. Gogayya ta shekaru tana fitar da wani gari mai laushi daga robar da ke cikin gaɓar, jiki ya tasar masa da yaƙi, a cikin yaƙin ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya zaizaye. Da farko ba ya ciwo, hoto ne kawai yake nuna shi. Ta biyar kuma ita ce gocewar gaɓar kwatangwalo daga mazauninta, wadda ta fi yawa a watannin farko, in mutum ya tsuguna ko ya sunkuya ƙwarai ko ya harɗe ƙafafu.

A 2019 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da ya nuna cewa cikin gaɓoɓin kwatangwalo 100 kimanin 58 ne suke kai shekara 25 ba a sake su ba, na gwiwa kuwa kimanin 82. Ke nan saurayi mai sikila da aka yi wa aiki yana ɗan shekara 25, ya kamata ya sa a ransa cewa mai yiwuwa ne ya koma ƙarƙashin wuƙa a rayuwarsa, ko da babu wanda ya yi kuskure. Daga wannan bayani mai karatu zai ga cewa ciwo iri ɗaya yana iya zuwa ta ƙofa daban-daban: wani daga halin ƙashi da ƙarfe ne, wani daga hannun likita, wani daga maƙera, wani kuma daga majinyacin kansa.

Abin da malamai suka ce game da lamuni

Asalin babin shi ne hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, wanda ma'anarsa ita ce duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, to, lamunin abin da ya ɓata yana kansa. Ibnu Rushdi na birnin Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, alƙali ne kuma likita, ya kawo a cikin Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun haɗu a kan likitan da hannunsa ya kuskure diyya ta hau kansa, domin hukuncinsa hukuncin mai ɓarna bisa kuskure ne. Wanda kuwa ba ya cikin masana aikin, bayan diyya har da horo. A mazhabar Malikiyya, diyyar kuskure in ta kai sulusi dangin mutum na wajen uba ne suke taruwa su biya, in ba ta kai ba daga dukiyarsa.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa masu magani kashi biyar a cikin Zadul Ma'adi. Ƙwararre wanda aka ba izini, ya ba sana'a haƙƙinta, hannunsa bai kuskure ba, amma duk da haka gaɓa ta salwanta ko rai ya tafi: wannan babu lamuni a kansa. Jahilin da ya ruɗi majinyaci har ya ɗauke shi masani: wannan ya lamunta. Ƙwararren da hannunsa ya zarce ya taɓa lafiyayyen wuri, da ƙwararren da ya kuskure wajen zaɓen magani: waɗannan akwai diyyar kuskure, ba tare da an kira su azzalumai ba. Na biyar shi ne ƙwararren da ya yi aiki mai kyau amma ba da izinin majinyaci ko waliyyinsa ba: shi ma ya lamunta.

A wannan zamani, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 15 a birnin Maskat na ƙasar Oman a 2004, ta bi wannan sawu. Ta ɗora lamuni a kan likitan da ya cutar da gangan, ko ya shiga fannin da bai sani ba, ko ya yi aiki ba lasisi, ko ba izinin majinyaci, ko ya yaudare shi, ko ya yi kuskuren da irinsa ba ya yi, ko ya yi sakaci. Ta kuma ce asibitin kansa yana lamunta in ya gaza a abin da ya wajaba a kansa.

Abin lura a duk wannan shi ne, shari'a aikin take dubawa, ba ta tsaya ga yadda abin ya ƙare kawai ba. Likita bai ɗauki alkawarin warkarwa ba, domin waraka ta Allah ce. Abin da ya ɗauka shi ne sani da kula da gaskiya. Hakika littafin Risala na Ibnu Abi Zaidi, wanda ake karantawa a kowane zaure, ya halatta a yi jinga da mai magani a kan sai an warke za a biya shi. Amma iyakar wannan ita ce ya rasa ladan aikinsa in ba a warke ba, ba ta mayar da shi mai laifi.

Amanar likita

Izinin da malamai suka sharɗanta ba dangwala yatsa a takardar Turanci ba ne ga mutumin da ko Hausar boko ba ya karantawa. Mai sayar da saniya wajibi ne ya bayyana aibinta, balle wanda zai sa wa mutum abin da zai kwana da shi ya tashi da shi shekara da shekaru. Haƙƙin majinyaci ne a gaya masa, da harshen da yake ji, cewa ƙarfen nan yana da iyakar kwanansa, cewa ƙashi yana iya karyewa a gefensa, cewa aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada, kuma cewa akwai irin zama da irin aikin da zai haƙura da su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta umurci ma'aikacin lafiya da ya yi wa majinyaci bayanin hanyoyin magani da haɗarinsu, da harshen da yake fahimta gwargwadon iko. Likitan da ya ɓoye wannan don kada mutum ya ji tsoro ya fasa, iznin da ya samu mai rauni ne, ko da hannunsa ya yi aiki mai kyau.

Amanar ba ta ƙarewa da ɗinke fata. In abu ya ɓaci, wajibi ne a faɗa wa mutum gaskiyar abin da ya faru, a kuma ba shi takardunsa da hotunansa, da sunan ƙarfen da aka sa masa da lambarsa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin kowane kamfani da irin kayan da ake kwance ƙarfensa da su. Wanda aka yi wa aiki a wata ƙasa ya dawo Kalgo hannu rabbana, ba takarda, ya bar likitan da zai gyara masa a cikin duhu.

Amanar maƙera da mahukunta

A watan Agusta na 2010 kamfanin DePuy ya janye wata gaɓar kwatangwalo mai suna ASR daga kasuwa, bayan an sa wa mutane kimanin 93,000 a duniya. Rajistar da ake ajiyewa a Ingila ce ta nuna cewa kimanin mutum 1 cikin 8 ya koma an sake masa aiki cikin shekara 5, kuma an ga garin ƙarfen da take fitarwa yana lalata naman da ke kewaye da ita. A 2013 kamfanin ya yarda ya biya kimanin dala biliyan 2.5 ga masu ƙara a Amurka. Da kowane ɗaya daga cikin mutanen nan ya ce ƙaddara ce ya yi shiru, kuma da babu mai rubutawa da ƙidayawa, da an ci gaba da sa wa wasu.

Muslimu ya ruwaito cewa Manzon Allah ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi, ya kuma barranta daga mai algus. To, babu hajar da ta kai ƙarfen cikin cinya ɓoyuwa, domin mai saye ba ya ganinta kafin ciniki, ba ya ganinta bayansa. Dillalin da ya kawo na jabu ya karɓi kuɗin na ainihi, da wanda ya sani ya kawar da kai don ya sami kasonsa, alhakin duk tsagewar da ta biyo baya yana wuyansu.

Gwandu ita ce makwancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829. Shi ne ya wallafa Liya'ul Hukkami a kan abin da ya hau kan masu mulki, kuma a cikin littattafansa akwai wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki tun daga sunansa, watau Masalihul Insani. Ƙasar da ta gaji irin wannan malami ba ta da uzurin ɗaukar lafiyar jiki abin da ba ruwan addini da shi. Tsabtar ɗakin tiyata, da wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakiyar aiki, da binciken kayan da ake shigowa da su, wanda a Nijeriya aikin hukumar NAFDAC ne, da ajiye rajistar wa aka sa wa me, duk suna cikin kiwon da za a tambayi mai mulki a kansa.

Amanar majinyaci da danginsa

Jiki ajiya ce a hannun mai shi. Wanda aka ce kada ya taka ƙafa sai bayan makonni kaza, ya ji ciwo ya lafa ya jefar da sanduna ya hau babur, ko ya daina zuwa a ɗauki hoto don ba ya jin komai, ko ya ƙi kula da ciwon sukarinsa, ko ya ci gaba da shan taba alhali an gaya masa tana jinkirta haɗewar ƙashi, wannan in ƙarfe ya karye ba shi da bakin zargin kowa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Akwai wani kuskure da ya fi kama masu son ibada. Dattijo ya ga bai taɓa salla a zaune ba tun balagarsa, sai ya ƙi bin maganar likita, ya sauka sujada da zaman tahiya mako biyu bayan aiki, gaɓa ta goce. Alhali kuwa Buhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini ya kai kukan ciwonsa, aka ba shi izinin yin salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance a gefensa. Karɓar sauƙin da shari'a ta bayar shi ma biyayya ce, kuma lokacin komawa sujada likitan da ya yi aikin ake tambaya.

Amma adalci ya sa a ƙara wata magana. Sau da yawa ba taurin kai ne yake mayar da magidanci fadama tun ƙashi bai haɗe ba, shinkafa ce ta nuna kuma ba mai yanke masa. Dangin da suka yi karo-karo aka biya kuɗin aiki, sa'an nan suka watse, ba su cika aikin ba. Watannin jinya su ne rabin maganin. Gayyar da za a yi a gonarsa, da zakkar da za ta riƙe gidansa har ya miƙe, suna cikin abin da yake tsare ƙarfen daga karyewa.

Amanar maɗori

Maɗora sun yi wa jama'a hidima tun kafin a gina asibiti, kuma a cikinsu akwai masu tsoron Allah. Amma ƙafar da ke da ƙarfe a ciki ta fita daga abin da suka gada. Hannu ba ya gane ko ƙarfen ya saki ko yana nan, ja da murza suna iya ƙara tsagewar, tsaga fata a kusa da shi kuwa buɗe ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Wanda aka san shi da ɗori, ba a san shi da wannan ba, don haka hadisin lamuni ya hau kansa in ya taɓa. Haka nan ya hau kan likitan da ba fanninsa ba ne ya ɗauki wuƙa don kwaɗayin kuɗin aiki. Azzahrawi, babban likitan fiɗa na Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe wa karaya da gocewar ƙashi sashe guda a littafinsa Attasrif, kuma tun a lokacin ya koka da yadda waɗanda ba su yi karatun abin ba suke da'awarsa. Imamu Malik, duk da girmansa, ya shahara da yawan amsa tambaya da cewa bai sani ba. Maɗorin da ya ce wannan ta fi ƙarfina, ku kai shi asibiti, ya bi sawun manya, kuma darajarsa ƙaruwa ta yi.

Ina matsayin ƙaddara?

Babu abin da yake faruwa sai da sanin Allah da hukuncinSa, wannan ginshiƙin imani ne. Amma malamai sun bambance wurin da ake kafa hujja da ƙaddara: ana yi a kan masifar da ta sauka, don zuciya ta natsu, ba a yi a kan laifin da mutum ya aikata don ya kuɓuta daga tambaya. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir cewa a wata tafiya dutse ya fasa kan wani mutum, sa'an nan wanka ya wajaba a kansa, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce babu. Ya yi wanka ya rasu. Da labari ya kai ga Manzon Allah, sai ya yi musu faɗa mai tsanani, ya jingina mutuwar gare su, ya kuma zarge su da rashin tambaya alhali ba su sani ba. Mutanen nan ba su nufi sharri ba, kuma ba shakka ajalin mamacin ne ya zo, amma duk wannan bai ɗauke musu zargi ba.

Saboda haka mai cewa a yi shiru ƙaddara ce, tun ba a bincika ba, yana iya zama ya rufa wa sakaci asiri da rigar addini, gobe kuma ya sami wani. Yafiya abu ce mai lada, amma mutum ba ya yafe abin da aka ɓoye masa. Sai ya san haƙƙinsa tukuna, sa'an nan in ya so ya karɓa, in ya so ya bar wa Allah. Mai cewa likita ya cuce shi kuwa, ba tare da hujja ba, ya ci mutuncin Musulmi ko abokin zama da zato, kuma in irin wannan ya yi yawa, likitoci za su riƙa gudun tsofaffi da masu sikila, watau waɗanda aikinsu ya fi haɗari kuma suka fi bukata.

Hanyar da ta dace a bayyane take. A nemi takardu da hotuna, a kai wa wani likitan ƙashi ya duba, a tambayi masu sani kamar yadda alƙali yake tambayar masana kowace sana'a kafin ya yanke. In an ga sakaci, akwai sulhu, akwai Majalisar Likitoci ta Nijeriya mai ladabtar da 'ya'yanta, akwai kotu. In kuwa aka ga likita ya ba aikin haƙƙinsa, ƙarfen na ƙwarai ne, majinyaci ya kiyaye abin da aka ce, amma duk da haka ƙashi ya tsage, to, nan ne gidan haƙuri. A nan kalmar ƙaddara take zama sanyi ga zuciya, kuma ciwon ya zama kankarar zunubi kamar yadda ya tabbata a hadisai ingantattu. Bayan haƙurin kuma sai a koma a nemi gyara, domin neman magani a karo na biyu halal ne kamar na farko.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti. Ya ba likitoci da maɗora tsoronSa da sanin iyakarsu, Ya ba mahukunta ikon riƙe amana. Allah ne Mafi sani.